Kafin a Sayi Bulon Makewayi, a Tambayi Ruwa Ina Za Shi



Duk lokacin da rabon asusu ya matso, hirar taro takan koma kan abu guda: ke me za ki yi da naki? Amsoshin mun san su tun ba yau ba. Wannan akuya za ta saya, waccan za ta ƙara jarin ƙuli-ƙuli, wata kuma kayan ɗakin ɗiyarta ne ke hana ta barci. Amma a ƴan shekarun nan wata amsa ta fara shigowa, ana faɗinta ƙasa-ƙasa kamar abin kunya: "Ni dai makewayina nake so in gyara." Mu a wurinmu babu abin kunya a ciki. Wuri ne da kowace mace ke shiga sau biyu ko uku a yini. Can take tuɓe zanenta, can take wankan jego, can tsohuwar gida ke lallaɓawa da asuba tana dafa bango. Amma shi ake bari sai ƙarshe idan ana gini, a haɗa shi da ragowar birgi da tsohuwar zana. Zaure ake gyarawa, don shi baƙo ke gani. Makewayi kuwa ba mai yabonsa, sai dai mu da muke shan wahalarsa.

Abin da za mu faɗa a nan mun tattaro shi ne daga gidajenmu da na ƴan ƙungiyarmu, da bakin maginan da muka yi aiki da su. Kuɗin asusu dala-dala aka tara shi, mako bayan mako, bai kamata ya tafi a ginin da damina ɗaya za ta kayar ba.

Bari mu fara da abin da ke yawo a wayoyi, tunda ƴan matanmu sun dame mu da shi. Akwatin wanka ne na gilas, mai ƙofa mai zamewa, irin wanda ake gani a shagunan karo da kayan famfo na Yamai da Maraɗi. Yana da kyan gani, ba mu musa ba. Sai dai an yi shi ne don mutumin da zai tsaya tsaye ruwa na zubo masa daga sama. Yawancinsu faɗinsu santimita 80 ne ko 90 a kowane gefe. To ki shiga da bokiti da moɗa da kujera ƴar tsugunne ki gani, ko juyawa ba za ki iya ba, balle ki wanke yaro. Yana kuma son famfon da ba ya ɗaukewa, kuma matan Damagaram ba sai an gaya musu yadda famfo ke yi da bazara ba. Robar bakin ƙofarsa zafi na cinye ta, ƴan tayoyin da ƙofar ke gudu a kansu suna lalacewa, kuma ba za ki samu madadinsu a kasuwar Tasawa ko ta Madawa ba. Wadda Allah ya hore wa gida mai ɗakin wanka a ciki da tankin ruwa a sama, idan har sai ta saya, ta tambayi gilas ɗin da aka gasa, mai kaurin milimita 6 ko 8, wanda idan ya fashe yake zama ƙanana kamar tsakuwa. Gilas na taga idan ya fashe wuƙaƙe yake zama, ga yara a gida. Da mu za a bi, ko a irin wannan gida rabin bango na bulo da labulen roba sun wadatar.

Yanzu mu dawo tsakar gidajenmu. Idan mace ta ce za ta gyara makewayi, tambayar da ake fara yi mata ita ce: zana, ko tol, ko bulo? Mu tambayarmu ta farko daban ce: ruwan ina za shi?

Ku yi lissafi tare da mu. Gida mai mutum goma, mu ce kowa ya yi wanka da bokiti ɗaya mai lita 15, sau ɗaya kawai. Lita 150 ke nan, bido shida na lita 25, kullum ta Allah, ana zuba su a gindin bango guda. Ba a sa wankin yara ba, ba a sa watan Afrilu da ake shiga sau uku ba. Duk makewayin da muka ga ya faɗi, daga ƙafa ya fara. Sai ki ga gindin bangon ya yi duhu, gishiri-gishiri ya fito masa, yaɓe ya fara ɓamɓarewa, ƙasa na zubowa kamar gari. Sama lafiya lau, ƙasa kuwa an cinye. Ranar da aka yi ruwa da iska sai a ce ruwan sama ne ya kayar da shi, alhali ruwan wanka ya daɗe da gama aikin. Daminar 2024 ta nuna mana abin da ruwa ke yi wa ginin ƙasa, shekarar da gidaje suka yi ta zubewa a Maraɗi, har tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe. Idan katanga mai wannan kauri ba ta tsira ba, ina ga ɗan bangon da ake jiƙa wa ƙafa safe da yamma?

Shi ya sa muke cewa kuɗin farko na daɓe ne. A zuba tsakuwa a daddaɓe, a yi daɓen siminti mai kauri kamar yatsu huɗu, a karkata shi wajen rariya. Karkatar ba ta da yawa, wajen santimita 2 a kowace mita, kamar kaurin babban yatsa. Amma nan ne magini mai gaggawa ke yin ha'inci, don ido ba ya gani. Kada ki biya shi cikon kuɗinsa sai daɓen ya bushe kin ɗauko bokiti kin kwara a kusurwar da ta fi nisa da rariya, kin tsaya kin ga inda ruwan ya nufa. Idan ya kwanta a tsakiya, aiki bai ƙare ba, kome daɗin bakinsa. Kuma ki ce masa kada ya goge daɓen ya yi sulɓi kamar na ɗaki. Ya bar shi da ɗan kaushi, ko ya ja tsintsiya a kai tun yana ɗanye. Siminti mai sulɓi idan ya haɗu da sabuni da gansakuka, tarko ne ga mai ciki da tsohuwa. Haka karo: wanda ke sheƙi na bango ne. Na ƙasa ki shafa shi da hannu a shago, ki ɗiga masa ruwa in mai shagon ya yarda, ki zaɓi wanda ke kama tafin hannu.

Bayan an gama, a riƙa yayyafa wa daɓen ruwa kwana bakwai, a rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna, musamman lokacin hunturu da iska ke busar da kome. Simintin da ya bushe da sauri ba ya ƙarfi. Mun san kwana bakwai ba makewayi abu ne mai wuya, sai a kafa zana a wani lungu kafin a fara.

Daga rariya kuma ina? Abin da aka saba shi ne a huda katanga ruwan ya fita titi, ya taru a kwatami, wanda wasunmu ke kira gologo. Kowa ya san warinsa. Kowa ya san faɗan da yake haddasawa tsakanin maƙwabta, da yaron da ya zurma ƙafa ciki da dare. Ga sauro, wanda mako guda zuwa kwana goma ya ishe shi ya tashi daga ƙwai ya zama mai cizo idan ruwa ya kwanta. Wasu kuma sai su karkata ruwan wanka cikin salga don su huta. Wannan ya fi muni. Ramin salga ba a yi shi don bido shida a yini ba. Yana cika da wuri, wari ya ƙaru, kuma a ƙasa mai rairayi bakin ramin yana zaizayewa ta ciki har wata rana ya rufta. Allah ya kiyaye.

Maganin ba shi da tsada. A haƙa rami daban, faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya da rabi, a ɗan nesa da gindin katanga. A cika shi da manyan duwatsu ko fasassun bulo a ƙasa, ƙanana a sama, a kawo ruwan da tiyon roba, a rufe bakin ramin. A bakin rariya a sa ɗan ƙarfe mai huda-huda don ya tare gashi da guntun soso da leda. A jigawar Maraɗi ruwa nan da nan ƙasa ke shanye shi. Inda ƙasa ke da laka, ko dutse ya yi kusa kamar wasu unguwannin Damagaram da ƙasar Adar, rami mai zurfi ba ya aiki sosai. Gara a yi doguwar magudana marar zurfi a cika ta da tsakuwa, ta ƙare a gindin itace. Mun ga gidajen da zogale da gwanda da lemun tsami suka tashi da ruwan wanka kaɗai. Ban da salati da duk ganyen da ake ci ɗanye. Kumfar sabuni takan toshe duwatsun a hankali, idan kin ga ruwa ya fara dawowa sai a buɗe a sake na sama. Masu rijiya a gida kuma su nisanta ta da waɗannan ramuka. Ma'aikatan tsabta mita 30 suke so tsakanin rijiya da salga, in fili ya ƙi, kada a gaza 15.

Sai yanzu za mu zo ga abin da za a kewaye wurin da shi.

Zana da dangar kara su muka gada, kuma ba za mu raina su ba. Suna da araha, iska na ratsa su, wuri na bushewa da wuri. Amma gara na cin su ta ƙasa, awaki na ci ta waje, kunama na son su, kuma bayan damina ɗaya ko biyu sai ki ga ana leƙo ki ta tsakanin gamba. Wace ce a cikinmu ba ta taɓa yin wanka tana rataya zane a kan huda ba? Idan kika haɗa kuɗin zanar da kike saye duk shekara har shekara biyar, za ki yi mamaki. Duk da haka, mace mai daɓe mai kyau da rami mai kyau da zana sabuwa ta fi mai bangon bulo da ruwa kwance a ciki. Wadda kuɗinta bai kai ba, ta yi ƙasa bana, ta bar zanarta, baɗi ta yi bango.

Tol, wato kwanon rufi, shi ne ya fi ruɗin mutane, don rana ɗaya ake kafa shi. Da bazara ciki kamar tanda. Ƙasansa yana tsatsa da wuri saboda sabuni da fitsari, bakinsa ya zama reza daidai inda ƙafar yaro take. Iskar farkon damina kuma ta san hanyarsa. Wurin da muke ganin amfaninsa shi ne gidan haya. Kada ki zuba kuɗin asusunki a bangon gidan wani ba tare da kun yi magana a gaban shaidu cewa za a cire a kuɗin haya ba. Tol ɗin da mai walda ya ɗaura a kan ƙarfe, ranar tashi kwancewa za ki yi ki ɗora a amalanke. A ɗaga shi kaɗan daga daɓe, a shafa masa fenti a ƙasa, a lanƙwashe bakin.

Ginin ƙasa yana da sanyi, yana da rufin asiri, birgi kuma maigida da samari za su iya bugawa da kansu bayan kaka. Laifinsa ɗaya ne, ba ya son ruwa a ƙafa. To sai a ba shi takalmi. A fara da layi uku na bulon siminti, ko dutse inda dutse ke da yawa kamar wajen Tawa, sa'an nan a ɗora birgi a sama. Ciki a yi masa shafen siminti har zuwa ƙirji. Amma ku sani siminti ba ya kama ƙasa haka kawai, bayan shekara sai ya ɓamɓaro faifai-faifai, ruwa ya riƙa shiga ta baya. Sai an buga ƙusoshi an ɗaura wayar kaji a jikin bangon kafin a shafa. Idan maso ya ce ba sai an sa ba, shi ba zai kwana a gidan ba. A ganinmu, ga yawancin gidajen karkara, wannan haɗin shi ne ya fi dacewa da aljihu.

Bulo zalla shi ne mai daɗewa, kuma lissafinsa ba shi da wuya, mu da muka yi yaƙi da jahilci ba za a rufe mu a nan ba. Bulo ɗaya tsawonsa santimita 40 ne, tsayinsa 20. Makewayi mai mita ɗaya da rabi a faɗi, mita biyu a tsawo, idan aka cire wurin ƙofa, kowane layi yana cin bulo 16. Layi tara ya kai mita 1 da 80, ya wuce kan doguwar mace. Tara sau 16, bulo 144. Idan a kusurwar gida ne, katangu biyu suna nan, ba za ki wuce bulo 70 ba. Idan kuwa takalmi kawai za ki yi wa ginin ƙasa, layi uku bulo 48 ne. Ki riƙe waɗannan a kai kafin a kawo miki takarda. Sai dai a kusurwa a lura: idan katangar ta maƙwabci ce, ko ta ɗakin kwana, dole a shafe ta da siminti daga ciki, in ba haka ba kin gyara makewayi kin ɓata zumunci.

Bulon ma ba duka ɗaya ba ne. Buhun siminti kilo 50 ne, ko na Malbaza ko wanda ke shigowa daga Najeriya, amma wani mai buga bulo talatin da ƴan kai yake fitarwa a buhu, wani ya ja shi har hamsin. Na biyun ya fi araha, kuma da farce za ki kankare shi. Ki ɗauki ɗaya ki sake shi daga tsayin ƙugu a kan ƙasa mai tauri. In ya wargaje, ki yi gaba.

Faɗin da muka ambata kada a rage shi. Magini namiji ne, wankansa tsaye yake yi cikin minti biyar, zai ce miki mita ɗaya ta isa. Ba ta isa ba. Ki tuna mai jego: ga ita, ga wadda ke yi mata wanka, ga babbar roba ta ruwan zafi, ga ganyen bedi ana fyaɗawa, kwana arba'in. (Tunda mun taɓo nan: ma'aikatan likita sun daɗe suna jan kunne a kan ruwan da ya wuce kima da zafi da yawan kunun kanwa, saboda zuciya da hawan jini. A sassauta.) Ki tuna ranar da za a yi jinyar tsoho ko tsohuwa, mutum biyu na riƙe da shi. Saboda su muke cewa a gina ɗan dakali na bulo biyu a gefe guda don zama, a kafa guntun ƙarfe a bango don dafawa, dokin ƙofa kuma kada ya yi tsawo. A bar alkuki a bango na soso da sabuni, sama da inda kaji da yara ke kaiwa. A ɗaura igiya daga ciki. Ƴan matanmu suna da ƙyallayen da ba za su iya shanyawa a tsakar gida ba, sai su tura su ƙarƙashin katifa da danshinsu, abin da ke jawo ƙaiƙayi da ciwo. Igiya ɗaya a wurin da rana ke shiga ta raba su da wannan, ba tare da kowa ya ce uffan ba.

Wannan ne ma ya sa ba mu son a rufe makewayi ruf. Rana ita ce mai tsabtace shi. Amma a birni yanzu benaye sun yi yawa, wanda ke sama yana ganin tsakar gidan na ƙasa. Kafin a yanke shawara, ki tsuguna a wurin da kanki ki ɗaga kai ki duba ko'ina, har itacen maƙwabta da yara ke hawa. Idan ana hango ki, a rufe rabin da ke wajen, a bar rabi a buɗe. A kuma lura da gabas. Mun san ana kama ruwa a wurin wanka, to a tsara rariya da wurin tsugunno yadda mutum ba zai fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya ba. Tun ana zana wurin a ƙasa ake gyara wannan.

Ƙofa kuwa, mu ƙyaure muke so mai sakata ta ciki. Labule iska na ɗaga shi, yaro na yaye shi, kuma a gidan da ke da yawa, da ƙannen miji da almajirai masu shiga da fita, budurwa ba ta sakewa sai ta jira dare. Wankan dare cikin duhu shi ke haɗa mu da kunama. In ƙyauren ya fi ƙarfin aljihu, a yi bangon da lanƙwasa kamar katantanwa, yadda mai wucewa ba zai ga ciki ba ko babu ƙofa. Yana ƙara bulo kaɗan, amma babu abin da zai yi tsatsa ko ya ɓalle.

Saura maganar kuɗi. Tun da aka fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, abin da ya riƙe asusu shi ne rance yana fita yana dawowa da ƙari. Makewayi ba ya haihuwa. Idan kika ɗauki rance kika zuba a siminti, da me za ki biya in wa'adi ya cika, ga abin da ake ɗorawa a kai duk wata? Mu shawarar da muke ba ƴan ƙungiyarmu ita ce a jira rabo, ko a ware wani abu daga ribar sana'a a yi aikin kashi-kashi. Wadda za ta tara a hankali kada ta ajiye siminti a buhu ya ƙetare damina, danshi zai mayar da shi dutse. Ta mayar da shi bulo, bulo ba ya lalacewa, kuma ba ya shiga cefane ranar da baƙi suka zo.

Inda mata huɗu ko biyar suka shirya tare, abin ya fi sauƙi. Amalanken rairayi da tsakuwa a raba, magini ɗaya a yi ciniki da shi na gidaje biyar, kuma ya san idan ya ɓata na farko sauran huɗu sun gani. Mun ga waɗanda suka yi adashin buhu: kowace ta kawo kuɗin rabin buhu a wata, a haɗa wa mace ɗaya, wata mai zuwa a koma gidan wata.

Maigida kuma a sa shi a ciki tun farko. Gini haƙƙinsa ne, kada don muna da asusu a sakar mana kome. Abin da muka ga yana tafiya shi ne a raba: shi ya ɗauki haƙan rami da birgi da kuɗin magini, ke ki kawo siminti da ƙyaure. Inda akwai abokiyar zama, a zauna da ita kafin a sayi ko buhu ɗaya, a san wa ya kawo me, a san kuma ranar wa ce ta wanke wurin. Lokacin da ya fi shi ne daga bayan kaka zuwa ƙarshen sanyi, sa'ad da maza ke gida, rijiyoyi ba su ja baya ba, birgi kuma na da wata uku ko huɗu na bushewa kafin hadarin farko.